Jarumin Tagulla Na Sin Da Abin Da Ke Kwance Ƙarƙashin Gonakinmu

Fataken ƙasar Hausa da ke zuwa sarin kaya Guangzhou ko Yiwu sun san shi a ido, ko da ba su taɓa tambayar sunansa ba. Yana zaune a kusurwar kanti cikin ɗan akwatin katako mai jan fenti, an kunna masa turaren tsinke, an ajiye masa lemo a faranti. Mutum ne mai gemu har ciki, gira a tashe, sanye da sulke, riƙe da doguwar gora mai faffaɗan kaifi a kai. Wani zubin kuma a kan kujera yake, hannu ɗaya na shafa gemu, ɗayan na riƙe da littafi. Sinawa na ce masa Guan Gong ko Guandi, ainihin sunansa kuwa Guan Yu, kuma yana cikin gumakan jarumai da aka fi zubawa da tagulla a tarihin ƙasar.

Na kantin nan sabo ne, jiya-jiya ya fito daga masana'anta. Akwai tsofaffi na zamanin daulolin Ming da Qing, waɗanda ake gwanjonsu a Hong Kong da Landan da Faris kan kuɗi masu nauyi. Tsakanin sabon da tsohon kuma akwai wata makekiyar kasuwa ta jabu, wadda intanet ta buɗe wa ƙofa zuwa kowace waya. Duk wanda ya ji labaran tsohon dutsen guga ko keken ɗinki da ake cewa akwai jan zaiba a ciki ya san yadda zancen "tsohon kaya" ke kwashe hankalin mutum mai neman arziki dare ɗaya. Wannan shi ne dalili na farko da ya sa batun ya shafi mutumin Tambuwal ko Kebbe. Na biyun ya fi shi nauyi a wurina: a cikin littattafan gwanjon da ake jera jaruman Sin, ana jera wasu gumakan da aka rubuta wa "Sokoto" a ƙasa. Daga ƙasarmu aka tono su, kuma mafi yawanmu ba mu taɓa jin labarinsu ba.

Bari mu fara da jarumin Sin, domin tarihinsa a rubuce yake. Guan Yu mutum ne kamar kowa, an haife shi a yankin da yau ake kira Yuncheng a lardin Shanxi, ya rayu a lokacin da daular Han ke wargajewa, sarakunan yaƙi suna yayyaga ƙasar. Ya bi wani mai suna Liu Bei tun ba shi da komai. A shekara ta 200 Miladiyya babban abokin gaban Liu Bei, wato Cao Cao, ya kama shi, ya karrama shi, ya lulluɓe shi da kyaututtuka don ya sauya uban gida. Guan Yu ya yi masa yaƙi ɗaya, ya kashe wani babban kwamanda mai suna Yan Liang don ya biya alherin da aka yi masa, sannan ya tattara kyaututtukan ya rufe, ya bar wasiƙar ban kwana, ya koma wurin uban gidansa na farko wanda a lokacin yake gudun hijira. A kan wannan abu guda aka gina duk sunansa. Riƙon amana ne, kuma Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kansa.

Ƙarshensa bai yi daɗi ba. A 219 ya kewaye garin Fancheng, ambaliyar kogi ta taimaka masa ya tarwatsa rundunar da aka turo, sunansa ya girgiza ƙasar. Yana can gaba, sojojin Sun Quan suka zagayo ta baya suka ƙwace masa yankin Jingzhou da yake tsaro. Aka kama shi, aka sare kansa a farkon 220, kimanin shekara 400 ke nan kafin Hijira. Aka aika wa Cao Cao da kan, ya sa aka binne shi da girmamawa a Luoyang, gangar jikin kuma tana Dangyang. Marubutan tarihin Sin na farko ba su ɓoye cewa yana da girman kai ba, sun kuma ɗora wani ɓangare na faɗuwarsa a kan wannan hali.

To yaya kwamandan da aka ci da yaƙi ya koma abin bauta? A hankali abin ya faru, cikin ƙarnoni. Da fari mutanen yankin da ya mutu ne ke tsoron fatalwarsa suna kai mata hadaya. Sai mabiya addinin Buda suka ɗauke shi a matsayin mai gadin wuraren ibadarsu, mabiya Tao ma suka ba shi gurbi. A garinsu aka gina masa ɗakin bauta tun 589, wanda har yau shi ne mafi girma cikin nasa. Sarki Huizong na daular Song ya ƙara masa sarauta a farkon ƙarni na 12, a 1614 sarki Wanli na Ming ya ɗaga shi zuwa matsayin sarkin sarakuna, sarakunan Qing kuma suka baza ɗakunansa a kowace gunduma, domin kowane mai mulki yana son talakawansa su girmama mai biyayya. Littafin almarar Masarautu Uku, wanda ake dangantawa da Luo Guanzhong na ƙarni na 14, shi ya kafa siffarsa a zukata: jar fuska, dogon gemu, jan doki. Makamin nan ma da ake zuba shi da shi, masana sun nuna ba a fara amfani da irinsa ba sai ɗaruruwan shekaru bayan mutuwarsa. Fataken Shanxi, 'yan garinsu, suka yi ta yawo da shi duk inda suka kafa zango, har ya zama ubangidan ciniki da arziki. A Hong Kong an daɗe ana ganin gunkinsa a ofisoshin 'yan sanda, ana kuma ganinsa a maɓoyar ƙungiyoyin 'yan daba, kowane ɓangare na roƙon kada na kusa da shi ya ci amanarsa.

Musulmin da ya zauna gaban malamin tafsiri zai ji wannan hanya ba baƙuwa ba ce a kunnensa. Haka aka ruwaito game da gumakan mutanen Annabi Nuhu, alaihis salam: sunayen mutanen kirki ne, da suka mutu aka yi siffofinsu don tunawa, da zamani ya ja aka manta dalili aka shiga bauta. Labarin Guan Yu misali ne da aka rubuta matakinsa ɗaya bayan ɗaya, da shekara da sunan sarkin da ya ƙara kowane tubali. Ko don wannan kaɗai ya cancanci ɗalibin ilmi ya san shi.

Ba shi kaɗai ba ne a fagen. Akwai Zhenwu, wanda ake zubawa da gashi a sake, ƙafa ba takalmi, kunkuru da maciji a gabansa. A kan dutsen Wudang akwai ɗakinsa da aka ƙera gaba ɗaya da tagulla mai ruwan zinariya a 1416. Akwai Weituo, saurayi mai sulke da ke gadin ɗakunan ibadar Buda, da sarakunan sama huɗu masu tsaron kusurwoyin duniya. Dillali kan haɗa su duka ya ce "allan yaƙi", amma kowanne da addinin da ya fito da aikin da aka ba shi.

A zubin tagulla kuwa Sinawa tsofaffin hannu ne. Tun zamanin daular Shang, fiye da shekara 3,000 da suka wuce, suna narka jan ƙarfe da kuza da darma suna zubawa a mazubin yumɓu mai ɓangarori. Tukunyar Houmuwu da aka tono a Anyang a 1939 ta haura kilo 830, zubi guda. A Sanxingdui a 1986 an tono mutum-mutumin tagulla mai tsawon sama da mita biyu da rabi idan aka haɗa da abin da yake tsaye a kai. Gumakan jaruman da muke magana a kansu na baya-baya ne, kuma da yawa an yi su ne da dabarar kakin zuma: a gina siffa da yumɓu, a lulluɓe ta da kaki a sassaƙa, a sake rufewa da yumɓu, a gasa kakin ya tsiyaye, a zuba narkakken ƙarfe ya maye gurbinsa. Dabarar da maƙeran Ife da Benin da Igbo-Ukwu suka ƙware a kanta ke nan.

Na gaskiya cikinsu sun yi ƙaranci, kuma sun watsu, saboda ƙasar ta sha wuya. A 1860 sojojin Ingila da Faransa suka wawushe fadar Yuanmingyuan a bakin Beijing suka cinna mata wuta. A 1900 dakarun ƙasashe takwas suka sake shiga birnin, aka sake kwasa. Sai kuma ɓarnar gida: a 1958 an yi gangamin narka ƙarfe a kowane ƙauye, daga 1966 kuma juyin juya halin al'adu ya sa matasa suka farfasa ɗakunan bauta da duk abin da aka kira tsohon yayi. Tagulla mai yawa ta tafi tukunyar narki da nauyin kilo. Wasu daga cikin kayan da ake alfahari da su yau a gidan tarihin Shanghai, ma'aikata ne suka tsinto su daga tarin gwangwan a bakin masana'antun narka ƙarfe. Daga baya ƙasar ta farka. A 1982 ta kafa dokar kare kayan tarihi, ta kuma shiga bin sawun abin da aka kwashe. A Fabrairun 2009 aka yi gwanjon kan ɓera da kan zomo na tagulla daga fadar Yuanmingyuan a Faris, wani Basine mai suna Cai Mingchao ya taya su sama da Yuro miliyan 30, ya ci gwanjon, sannan ya ce ba zai biya ba domin kayan sata ne. A 2013 iyalan Pinault, masu kamfanin gwanjon Christie's, suka mayar da su kyauta.

Inda abu ya yi tsada ya yi wuya, jabu na nan tafe. A lardin Henan, kusa da Luoyang, akwai ƙauyen da sana'ar mutanensa ita ce zuba tagulla irin ta da, kuma a fili suke yi a matsayin kwaikwayo. Sai kayan sun bar hannunsu ne wani ya ba su shekaru 500. Ana jiƙa su da ruwan asid, a binne su cikin ƙasa mai gishiri, a manna musu kore-koren tsatsa da gam. A gindi a buga hatimin sarki, musamman na Xuande wanda ya yi mulki daga 1426 zuwa 1435, hatimin da aka fi kwaikwaya a duk tagullar Sin, har masana ke ɗaukar ganinsa a matsayin dalilin ƙara shakka. Ƙarfe ba ya faɗin shekarunsa kai tsaye. Abin da ɗakunan bincike ke yi shi ne su ɗebi ragowar yumɓun da ya maƙale a cikin gunkin su auna yaushe wuta ta gasa shi, su duba yawan tutiya da darma ko ya dace da zamanin da ake da'awa, su yanki tsatsar su ga ko ta ci cikin ƙarfen ko a sama kawai take kwance. Masu jabu ma suna karatu: sukan narka tsohon ƙarfe su zuba sabon gunki da shi. Saboda haka manyan masu saye suka koma tambayar takarda: a hannun wa yake a shekara kaza, wa ya saya daga wa, yaushe ya bar ƙasarsa. Sin ta hana fitar da duk abin tarihin da ya girmi 1911. Wanda aka nuna wa hoton jarumin tagulla a Tambuwal ko Dogon Daji ko Kuchi, aka ce na zamanin Ming ne, a kawo kuɗin mota da na kwastan a raba riba, ya riƙe kuɗinsa. Abin da ya kai wannan daraja ba ya yawo ba takarda, in kuma na gaske ne ba takarda, to na sata ne.

Yanzu mu dawo gida, inda hannunmu yake dumu-dumu cikin wannan ciniki. A kasuwar kayan gargajiyar Afirka ta Yamma, Hausawa na cikin manyan dillalai tun shekaru da dama. Wani masani Ba'amurke, Christopher Steiner, ya zauna da su a Abijan ya wallafa littafi a kansu a 1994: yadda suke bin ƙauyuka suna sayen gumakan katako da abin rufe fuska, su kawo birni, su sayar wa Turawa, wasu su kai har Faris da New York. Musulmi ne masu salla, ba su yarda da gumakan ba, haja kawai suke gani. A Fumban ta Kamaru kuwa ana zuba tagulla a tsufar da ita kamar yadda ake yi a Henan. Wannan hanyar da aka riga aka share ita ce gumakan ƙasarmu suka bi suka fita.

Na Nok kowa ya ji su a makaranta: an fara cin karo da su a haƙar kuza a 1928, Bernard Fagg ya gane muhimmancinsu a shekarun 1940. Wajen ƙarshen ƙarnin da ya wuce sai ga wasu irin gumakan yumɓu sun fara bayyana a shagunan Brussels da Faris, waɗanda ba su yi kama da na Nok sosai ba. Dillalai suka raba su gida biyu, suka kira wasu "Katsina", wasu "Sokoto". Na Sakkwato an san su da gira mai nauyi da ta rufo ido, fuska a ɗaure, da gemu mai tsini, mafi yawa siffar dattijo namiji. Gwajin da masu saye suka sa aka yi wa yumɓun ya kai shekarunsu wajen 2,000, wato wasunsu sun girmi Guan Yu, wasu tsararrakinsa ne. A shekarun 1990 an yi haƙa mai yawa a kewayen Kwatarkwashi, wadda a lokacin take cikin tsohuwar jihar Sakkwato kafin a yanke Zamfara a 1996. A ƙetaren iyaka, a Bura ta Nijar, an gano makabarta mai mahaya dawaki na yumɓu a 1975, Boubé Gado na Jami'ar Yamai ya yi haƙar ilmi a 1983, da aka kai kayan baje koli Turai kasuwa ta buɗe, masu haƙar dare suka afka wa yankin. A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta fitar da jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari, gumakan Nok da Katsina da Sakkwato da na Bura suna ciki.

A wannan shekarar ce kuma abin ya fito fili. A Afrilun 2000 shugaban Faransa Jacques Chirac ya buɗe wani sashe a gidan tarihin Louvre, aka ga biyu a ciki daga cikin gumaka uku, na Nok biyu da na Sakkwato ɗaya, waɗanda gwamnatin Faransa ta saya daga wani dillali a Beljiyam, alhali dokar Nijeriya ta hana fitar da su. Aka yi ta ce-ce-ku-ce. A 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25 da za a iya sabuntawa.

Ga bambancin da ke ci mini rai. Jarumin Sin, ko na jabu ne, yana da suna, da gari, da shekarar mutuwa, da dalilin gemunsa da littafin hannunsa. Dattijon Sakkwato na gaske ne, amma ba mai iya cewa wane ne. Sarki ne, ko kaka ne da ake tunawa, ko alamar kabari? Wane harshe masu yin sa suke yi, gero suke nomawa ko dawa, sun san ƙarfe? Amsoshin duk suna nan a ramin da aka ciro shi: gawayin da ke gefensa, ɓaraguzan tukwane, ƙasusuwa, ƙwayar hatsin da ta ƙone, zurfin da yake kwance. Mai haƙar dare ya cire kan da zai sayu, ya watsar da sauran. Kamar a yage shafi ɗaya mai zayyana daga tsohon kundi ne a ƙone ragowar. Shafin zai yi kyau a bango, amma karatu ya tafi. Inda aka yi haƙa da ilmi an ga amfaninta. Masu binciken Jami'ar Frankfurt da suka fara aiki a ƙasar Nok a 2005 tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya sun mayar da farkon al'adar zuwa wajen 1500 kafin Miladiyya, sun kuma tabbatar gero ne babban abincinsu. A Yelwa ta ƙasar Yawuri, haƙar ceto da aka yi kafin ruwan madatsar Kainji ya cika a ƙarshen shekarun 1960 ta fito da 'yan gumakan yumɓu da aka iya sa wa zamani, tsakanin ƙarni na 2 da na 7. A Durɓi ta Kusheyi kusa da Mani, kaburburan da aka buɗe a 1992 sun fito da tasoshin ƙarfe da duwatsun ado da suka nuna Katsinawan da suna ciniki da ƙasashe masu nisa. A Tada da Jebba, a bakin Kwara, mutanen gari sun riƙe gumakan tagulla, har da na maharbi mai kwari a baya, suna danganta su da Tsoede na Nupe, shi ya sa aka san inda za a fara tambaya. Yankinmu na kudancin Sakkwato yana tsakanin Yawuri da Kwatarkwashi da tsohuwar ƙasar Kabi, kuma bai samu irin wannan bincike mai zurfi ba.

Na san tambayar da ke bakin mai karatu, kuma tambaya ce ta gaskiya: ina ruwan Musulmi da adana gunki? Hukuncin ƙera siffar mai rai cikakkiya mai inuwa a mazhabar Malikiyya haramci ne, sayar da gumaka kuma hadisi ingantacce ya hana. Wannan ya rufe ƙofar ciniki tun kafin a zo ga dokar gwamnati, kuma ya kamata dillalanmu su ji shi daga bakin malamai. Sai dai haramcin sayarwa bai zama umarnin farfasa duk abin da garma ta tono ba. Sahabbai sun buɗe Masar ƙarƙashin Amru ɗan Asi wajen 641, kayan Fir'aunoni kuma suna nan har yau. Lokacin da Taliban ta ƙuduri rushe gumakan Bamiyan a Maris na 2001, tawagar malamai har da Shaihu Yusuf Ƙardawi da muftin Masar na lokacin sun je Kandahar don su hana. Alƙur'ani ya yi ta kiran mutane su yi tafiya a ƙasa su dubi yadda ƙarshen na gabansu ya kasance. Fatawa ta malamai ce, su za su tantance. Abin da nake gani shi ne, gunkin da ba mai bauta masa tun shekara dubu, wanda ke cikin gilashi ɗalibai na nazarinsa, ya tashi daga abin tsafi ya koma shaida. Inda ake jin tsoron fitina shi ne a ɓoye shi a ɗaka, boka ya ji labari.

Shugabannin jihadi ma ba su goge tarihin waɗanda suka gabace su ba. Muhammadu Bello ya rubuta labarin Kanta na Kabi da yaƙe-yaƙensa a Infaƙul Maisuri, ganuwar Surame kuma tana tsaye, an ayyana ta cikin wuraren tarihi na ƙasa tun 1964. Mu ba mu zuba jarumanmu da tagulla ba. A kirari da waƙa da rubutu muka ajiye su, da kuma kayan da suka bari. Tambuwal gari ne na ribaɗi, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna, kuma yankin ya ga yaƙe-yaƙen da aka yi ta gwabzawa tsakanin Gwandu da Kabawa cikin ƙarni na 19. A gidajen sarauta da na malamai da na tsofaffin mayaƙa a irin waɗannan garuruwa ne ake samun sulke da kwalkwali da takubba, da likkafar tagulla, da linzami, da tasoshi da mundaye, da tambura, da wasiƙu. A ganina waɗannan sun fi gumakan ƙasa shiga haɗari a yau, domin su ba sa bukatar dillalin Brussels. Ɗan gwangwan da sikelinsa ya isa. Tsoho ya rasu, magada su share ɗaki, likkafar da ta je Argungu ta dawo ta tafi a kilo. Abin da ya sami Sin a 1958 da umarnin gwamnati yana samunmu kullum ba tare da kowa ya ba da umarni ba, kuma ba mu da masu tsayawa bakin tukunyar narki su tsince.

Ba kira nake a kwaikwayi Sinawa a komai ba. A Jingzhou, garin da Guan Yu ya rasa, hukuma ta kafa masa gunkin tagulla mai tsawon kusan mita 58 a 2016 kan kuɗi wajen Yuan miliyan 170, gwamnatin tsakiya ta ce almubazzaranci ne kuma ya saɓa ƙa'idar gini, a 2021 aka shiga kwance shi da wasu miliyoyin. Manoman da suka ci karo da rundunar sojojin yumɓu ta sarki Qin Shihuang suna haƙar rijiya kusa da Xi'an a Maris na 1974 ma ba su samu wani abin kirki ba a lokacin, har gonakin ƙauyen aka karɓe. Abin koyi a labarinsu guda ne: labari ya kai ga jami'in gidan tarihi na gundumar kafin ya kai ga dillali, aka dakatar da haƙa, aka kira masana. Yau miliyoyin mutane ke zuwa kallo duk shekara, kuma an san sarkin da aka yi wa su da zamanin da aka yi.

A nan gida dokar tana nan, Doka ta 77 ta 1979 wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ga wanda aka ba izini, ta hana fitar da su ba takarda. Rauninta a bayyane yake: tararta ta kuɗin 1979 ce, kuma manomin da ya kai rahoto ba ya ganin abin da zai samu, alhali dillali na tsaye da kuɗi a hannu. Muddin ba a sa wa mai gaskiya tukuici ba, aka kuma tabbatar masa ba za a ƙwace gonarsa ba, wa'azi kaɗai ba zai hana haƙar dare ba. Wannan aiki ne da ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe da hakimai za su iya farawa ba sai an jira Abuja ba: a sanar da masu unguwanni cewa wanda ya tono tukunya ko siffa ko tsohon ƙarfe ya bar shi a inda yake, ya ɗauki hoto da waya, ya gaya wa dagaci, a kira gidan tarihi na Sakkwato ko Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu. A kuma bi gidajen da ke da kayan yaƙin kakanni a rubuta abin da ke akwai, da sunan mai shi na asali da labarin da tsofaffi ke bayarwa, kayan su ci gaba da zama a hannun masu su. Sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello suna da ɗaliban da ke neman abin rubuta kundin digiri a kai.

Jamus ta sa hannu a 2022 kan mayar da mallakar tagullar Benin fiye da 1,000, domin mutanen Benin da sarkinsu sun shafe shekaru suna nema ba su gaji ba. Wa'adin farko na aron da aka ba Faransa yana cika a 2027. Gumakan Nok biyu suna da masu yi musu magana. Ya kamata gwamnatin jihar Sakkwato ta rubuta wa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa tun kafin a zauna teburin sabuntawa, ta tambayi matsayin na ukun, wato na Sakkwato, ta nemi cikakken bayanin yadda ya fita da hotunansa da sakamakon gwajinsa, ta kuma faɗi inda za ta ajiye shi idan ya dawo.